Minti Goma Sha Huɗu

Allura ta sauka kan faifai,
ta yi ƙaras-ƙaras kamar mai taka busasshen ganye,
sai goge talatin suka ja numfashi ɗaya.
Kogin Tisza ya daskare tun shekaranjiya.
Taragon ƙarshe na Szeged ya wuce,
gilashin tagata bai gama rawa ba.

Babi na tsakiya nake jira.
Sauran makaɗan fiyano kan gama shi a minti tara.
Baba ya kai shi goma sha huɗu.

Jaridu sun sha yabonsa har suka ƙoshi:
wai ya auna baƙin ciki da ƙaramin cokali,
wai cikin Re mai sunkuyar da kai
ya zura guga inda igiyar wasu ba ta kai ba.
Wani ma ya ce nawar nan addu'a ce.

Ni kuwa ina wurin, shekarata sha ɗaya,
bayan labule, rungume da kwalbar ruwan zafi.
Tukunyar ɗumama zauren ta mutu tun asuba.
Mai sarewa na hura tafinsa,
numfashin kowa na tashi fari.
Hannun hagun Baba, da ƙofar jirgi ta datse bara,
ya ce shi kam ba ya zuwa.
Kowane sauti sai an lallashe shi,
yatsa ɗaya, sannan ɗan'uwansa,
kamar tsofaffi a kan matakala.

Vilmos, jagoran makaɗa, kunnensa ya yi ja.
"Kálmán, awa ɗaya aka ba mu!"
Baba bai ɗago ba.
Sandar ta yi gaba ita kaɗai, ta waiwaya,
ta dawo ta jira shi.
Gogen ma suka rage taku,
kamar masu rakiyar wanda ya taso daga jinya.

A minti na shida fiyano kan yi shiru.
Kasa kunne: akwai ɗan kukan kujera.
Nan ne ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa
don ya ari ɗumi na ƙidaya takwas.
Ba wanda ya rubuta wannan.

Babin ƙarshe Re ya ɗaga kai, ya ga rana,
kiɗa ya zabura, ganga ta shigo da takalmi.
Baba ya bi su a guje, ya zubar da sauti biyu a hanya,
ba kuɗin komawa a tsince su.

Da dare Mama ta jiƙa hannun a ruwan gishiri.
Bayan wata uku ya karanta sharhin a teburin girki,
ya yi dariya har tabarau ya zame.
"Piroska, kin ji? Zurfi!
Da sun gyara tukunyar nan, da ni ba kowa ba ne."

Yanzu na girme shi da shekara tara,
yatsuna ma sun fara gardama da murfin kwalba.
Na saurari masu minti tara, hannunsu lafiya lau,
suna wucewa kamar wanda ya gifta ƙofar majinyaci
bai ce sannu ba.

Ban sani ba ko jaridun sun yi ƙarya.
Na ɗaga allura, na mayar da ita baya kaɗan,
daidai inda kujerar za ta yi kuka.