Mai Ɗaukar Batir

Ni ke ɗaukar batirin lasifikarsa
a bayan keke, daga Mokoyo har Jiratawa.
Ruwan batir ya ci mini riga biyu.

Malam Ilu ɗan mai goge ne.
Tibiri ta san ubansa:
in ya ja izga, iskoki na saukowa.
Ran da Malam ya ce a bar yanka a gindin tsamiya,
gwaggonsa ta daina amsa gaisuwarsa.

A kasuwa ya kife tiyar Alhaji Nomau,
ya nuna gindinta da aka doke ciki.
"Sujadarka doguwa,
awonka gajere."
Masu gujiya suka yi tsit.

A Ɗan Isa aka jefe mu.
Haƙori ɗaya ya bari can,
tun daga nan sin ɗinsa ke fito cikin Fatiha,
yara na dariya a sahun baya,
shi ma, in ya sallame.

Ya rasu da damina, Gulbi cike.
Ni na buɗe adakarsa.
Ƙarƙashin littattafai,
naɗe cikin tsohon rawani,
gogen tsohonsa ne, ba tsirkiya.

Na mayar. Na rufe.