Ramin Onerva

A dajin arewacin Finland, inda rana ta ƙi faɗuwa,
muka haƙa rami, zurfinsa har ƙirjina.
Sauro ya yi mana rumfa.
Onerva ta sauka da gwiwarta mai ciwo,
ta fere bangon da wuƙa sai da ya yi fes,
ta rataya tef ɗin awo, ta ce, "Tarmo, karanta."

Na sama bai zama ƙasa ba tukuna:
ganyaye masu tsinin allura, da gansakuka,
na bana kan na bara, na bara kan ruɓaɓɓe,
suna warin lemar kwaɗi.
Na rubuta O. Wannan ko makaho ya laluba ya sani.

Sai wani fari, kamar murhun da ya kwana.
Na ce, "Toka ce, an yi gobara."
Ta yi dariya har ta dafa shebur.
"Murza."
Na murza: yashi ne, ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu.
"Ba wuta ba ce, yaro, ruwa ne ɓarawon.
Ƙanƙara ta narke, ta sha tsamin ganye,
shekara dubbai tana ɗibar ƙarfe kaɗan-kaɗan,
ta bar ƙashi tsirara.
Rubuta E. Mai neman kayan sata ya dubi ƙasa."

Ga su kuwa, jajaye da tsatsa,
sun cure, wuƙa na shiga da ƙyar.
Na ɗora gutsure kan littafin launuka,
na jiƙa shi da yawu, na rubuta B.

A kan iyaka muka yi gardama.
Na ce santimita goma sha tara, ta ce ina,
farin ya zuro harshe inda saiwa ta mutu.
"Ƙasa ba ta san rula ba. Rubuta: karkatacciya."

Can ƙasa C, tsakuwa da sanyi,
abin da tsaunin ƙanƙara ya jawo ya yar,
uwar sauran, ba ta taɓa sauya zane ba.

Za mu fita ke nan farcena ya tono gawayi,
ɗan mitsitsi, dab da saman farin.
Ta juya shi a tafi, ta yi shiru.
"Wani ya ƙona daji nan don ya shuka hatsi.
Kana da gaskiya, ta kai girman wannan."

Muka mayar da ƙasa yadda muka same ta,
tsakuwa da fari, gansakuka a ƙarshe,
ta tattake da ƙafarta mai lafiya.