Ruwan Wa?

Daren Talata, a Porto, a hawa na uku,
na farka ina jin agogo biyu,
ɗaya a bango, ɗaya a silin.
Na silin ya fi sauri.

Kafin in lalubo makunnin fitila
tafin ƙafata ya riga ya ba ni labari.
Silifas ɗina suna iyo wajen ƙofa,
za su bar gidan ba sallama.

Tun watan Satumba nake nuna tabon nan.
Ya fara kamar kwabo, ya koma faranti,
ya zama taswirar ƙasar da ban sani ba.
Sau uku na rubuta wa Baltazar Quintela,
sau ɗaya ya amsa:
wa ke hawa rufi ana tsaka da ruwa?
In rana ta fito kuma, wa ke tuna rufi?

Ya iso da hantsi, takalminsa na sheƙi,
ya tsaya inda daɓe ya fi tudu,
ya buɗe takardar haya, shafi na huɗu,
yana bin layi da farce.
Gini nawa ne, Dona Deolinda,
bango da rufi da bututu.
Abin da ke ciki naki ne.
Inshorata ba ta san katifarki ba.
Kayanki, ba ruwana.

Na dubi silin, na dube shi.
Na ce, to wannan da ke ɗiga a kafaɗarka
ruwan wa ne?
Ta rufinka ya shigo, bai ƙwanƙwasa ƙofata ba.
Ya matsa gefe. Ya share kafaɗa.

Washegari wani yaro, Telmo, ya kawo fom.
Rubuta kowane abu da kuɗinsa, in da rasit a haɗa.
Keken ɗinki, shekara ashirin da shida ina taka shi,
tsatsa ta soma cin haƙoransa.
Katifa. Bargo biyu. Rediyo mai tari.
Kwat ɗin Graciete, wanda ba nawa ba,
rage hannu kawai ta kawo,
yanzu ulun ya tsuke, ko jikanta ba zai shiga ba.
Ita kuma me zan ce mata?
Kalmar mai gida ba ta hau harshena ba.
Amana ta ba ni. Zan biya.

Sai kwalin da ke ƙarƙashin gado.
Wasiƙun Amílcar, goma sha tara,
daga jiragen kamun kifi can tekun ƙanƙara.
Sun ƙetare teku ko ɗigo bai taɓa su ba,
sun zo sun nutse a hawa na uku,
nesa da kogin Douro, a ɗakin da nake biya duk wata.
Tawada ta narke ta bi juna.
A ɗaya na tsinci rabin sunana,
a wata, kalmar sanyi.
Telmo ya ce, nawa zan sa?
Na ce, sa kuɗin takarda da kan sarki.
Ya riƙe biro a sama, ya bar gurbin fari.

Amma gwangwanin maɓallai bai sha ruwa ba.
A ciki na ninke kwafin takarduna uku,
kowace da kwanan watanta.
Alhamis zan kai wa lauya a unguwar Bonfim,
ta karanta mana shafi na huɗu tare da su.

Kafin nan na ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa,
na shanya mijina shafi-shafi.
Bokiti na cika kafin gari ya waye.
Nakan sauko da shi, matakala arba'in da ɗaya,
gwiwa na ƙara, hannu na rawa,
in ajiye a ƙofar ofishinsa
kusa da inda nake zura kuɗin haya.
Ban saba riƙe kayan mutane ba.
Mai gida, ga ruwanka.