Fistin na Uku

Motar ta mutu tun kafin a haife ni.
Datsun ce ruwan toka, ta wani mai fataucin gishiri,
ta kife a hanyar Samut Songkhram.
Bodi ya tafi wurin 'yan gwangwan,
inji ya zo gidanmu rataye a gora,
ƙarti huɗu na nishi
kamar masu ɗauko majinyaci.

Babana Bunchuai bai yi makarantar kanikanci ba.
Kunne gare shi.
Yakan dafa sifana a jikin ƙarfe,
ɗaya bakin a kunnensa, ya lumshe ido,
can ya ce, "Fistin na uku ƙarya yake yi."

Ya ɗora shi a gindin kwalekwale,
ya zura masa sandar ƙarfe gaba biyu da rabi,
farfela a can ƙarshe kamar wutsiyar kunama.
Lagireto ma ya cire ya yar:
kogi ke shayar da shi ta tiyo,
yana kurɓa da sanyi, yana tofarwa da ɗumi.
Abin da aka ƙera don kwalta
ya koyi iyo da tsufansa.

Inna Lamduan ta ɗaura ƙyalle uku a goshin jirgin,
ta ce ƙarfe ma yana son a gaishe shi.

Da asuba mukan ɗauki sukarin kwakwa zuwa Amphawa,
ina zaune kan gwangwani, haƙorana na kaɗawa da rugugi.
Ba a hira a jirginmu.
Baba da haɓa yake magana:
haɓa sama, kwashe ruwa;
haɓa gefe, sunkuya, ga reshe.
Shinkafar da ya ba ni da hannunsa
har yau warin baƙin mai take yi a bakina.

Daren ambaliya, da muka ɗauki matar Sanoh tana naƙuda,
kainuwa ta naɗe farfela a tsakiyar Mae Klong.
Shiru.
Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.
Baba ya ɗaga sandar, na tsinke ciyawa da yatsu,
tocila a bakina.
Bugu ɗaya, tari. Na biyu, tari.
Na uku ya kama,
matar ta yi dariya cikin kuka.

Sai gada ta zo, kwalta ta biyo ta.
Sukari ya koma hawa mota.
Baba ya sayar da injin ga Thongbai mai igiya,
aka kafa shi a siminti, aka sa masa bel,
yana tsefe ɓawon kwakwa daga safe har magariba.
Ba tayar gudu, ba ruwan ratsawa,
tafiya yake yi kullum, bai gusa ko taku ba.

Ni yanzu a Rayong nake, a masana'anta.
Injuna na wucewa gabana fes, ba tsatsa, ba suna.
Noti shida ne rabona a kowanne.
Ban taɓa jin muryar ko ɗaya ba.

Bara, bayan mun gama makokin Baba,
na bi ta rumfar Thongbai.
Na ari sifana. Na dafa. Na lumshe ido.
Yaron shagon na kallona kamar taɓaɓɓe.

Na ukun yana nan,
yana shara ƙaryarsa,
ita kuwa igiya tana ta fita.