Sikelin Rahamin

Ina ɗan shekara sha ɗaya baba ya kai ni Zango,
ya ce: ga yaro, ya iya ƙirga har ɗari.
Rahamin ya dube ni ta saman tabarau,
ya miƙo fatar akuya, ya ce: sunsuna.
Na ce ta sha bagaruwa, amma ba ta ƙoshi ba.
Ranar na fara aiki.

Mutumin Tarabulus ne, Bayahude,
Hausarsa da ƙashin Larabci a ciki.
Kwana shida yana awon fata da ƙiraga,
ko tamma ba ta faɗuwa ya bar ta a ƙasa.

Amma Juma'a, bayan mun sauko masallaci,
in inuwar duwatsu ta fara rarrafe kan Birni,
sai ya rataye sikeli a ƙusa,
ya zazzage aljihu cikin gwangwani,
ya ce: Tanimun, rufe, amarya na tafe.
Na daɗe ina leƙen ƙofa,
ban ga amarya ba.

Matarsa Mas'uda ta sallami ɗan garuwa tun hantsi,
nan Damagaram ce, ba a barin ruwa sai gobe.
Burodi biyu ƙarƙashin farin ƙyalle,
tukunyar wake da ƙwai a binne cikin rushi,
lagwani biyu a man gyaɗa.
Ta kunna, ta rufe ido da tafin hannu,
gidan ya yi tsit
kamar an sauke wa jaki kaya.

Su uku ne maza a garin kaf:
shi, da surukinsa Halfalla, da Binhas mai gyaran agogo.
Jam'insu kuwa sai da goma.
Saura bakwai, yake cewa yana gyara hula,
kamar mai jiran motar Agadas.

Asabar su buɗe Attaura a kan tabarma.
Kowane mako da rabonsa, kamar awon gero,
ba a ƙetare, ba a cin na gobe,
in shekara ta kai su ƙarshe su koma farko.
Binhas ya ɗaga murya kan harafi guda,
Halfalla ya buga cinya,
na ɗauka dambe za a yi,
ashe daɗin ke nan.

Wani mako baba ya zo karɓar kuɗin fata,
ya manta ranar.
Ya tsaya bakin zaure, ya ji ana cewa Yosef,
rijiya, riga, jinin akuya.
Ya ce: af, wannan ai namu ne!
Rahamin ya ce: na duk mai ɗan'uwa ne, zauna.
Baba ya koma gida da dabino uku, ba ko dala.

Wata Asabar ɗin mai saye ya iso daga Kano,
mota na huci, kuɗi a jaka.
Rahamin ya ba shi shayin jiya mai sanyi,
ya ce: yau ba ni da hannu.
Cinikin ya tafi shagon gaba.
Ni na yi baƙin cikin, shi yana ta waƙa.

Da magariba aikina ne hawa soro:
in na ga tauraro uku in yi kira.
Na taɓa ƙara ɗaya don yunwa.
Ya fito, ya ɗaga kai, ya ce:
baba ya ce ka iya har ɗari.

Sun tafi shekarar da na yi aure.
Bakwan ba su zo ba.
Sikelin na nan a shagona, ya yi tsatsa a wuya,
jikokina na auna albasa da shi.
Ni da sallata biyar, ban sake hanya ba,
sai dai Asabar in na idar da magariba
idona kan tafi sama da kansa.
Ɗaya.
Biyu.
Ba na ƙarawa yanzu.