Kwalba Biyu a Bakin Taga

A Mai Wurno, bayan gida, inda magarya ta yi rassa,
amya uku na rataye, ba don kasuwa ba.
Tun da na bar aikin jirgin ƙasa
hannuna ya rasa abin taɓawa,
sai Yahuza maƙwabci ya ce, zo ka koyi zama da zuma.

Shekarar fari sun kumbura mini ido,
na shiga sahun asuba kamar wanda ya kwana dambe.
Daga baya na iya hura hayaƙin kashin shanu,
na iya zuwa bayan magariba, ba gaggawa, ba turare.

Ranar da Batulu ta zo hutu daga Madani
da ƙamshin kantin magani a mayafinta,
ta leƙa ƙwaryata, ta yamutsa fuska:
Baba, ga kaki, ga fiffike, ga ƙafar wani a ciki!
Ta ɗora ruwa a garwashi, ta ɗumama rabi,
ta ɗaure farin ƙyalle a bakin kwano.
Abin da ya sauko garau yake, kamar shayin safe,
har ina hango zanen tabarma ta cikinsa.

Na ce, tawa Nilu ce a damina,
jajir da lakar Habasha,
kuma lakar nan ita ke ciyar da gona.
Ta ce, haka ne, Baba,
amma ruwan ma sai ya kwanta a randa kake sha.
Na nemi amsa, ban samu ba, na lashi yatsa.

Abu guda muka haɗu a kai:
jaririnta ba zai ɗanɗana ko ɗaya ba
sai ya cika shekara.

Yanzu kwalba biyu ke bakin taga.
Sanyi ya zo, tawa ta daskare,
sai da cokali, tana ƙaras-ƙaras a haƙori,
da ɗacin furen aduwa can ƙasan harshe.
Tata tana zuba sumul a kan kisira,
ba ta tuna itacen da ta fito.
Da safe nakan ci tata, don sauri.
Kada a gaya mata.

Ƙyallen kuwa, da dusar da ta rage,
na shanya shi a kan danga.
Kafin la'asar masu abin suka zo,
ba su tambayi wa ya yi gaskiya ba,
suka kwashe kayansu tas,
suka bar mana farin tsumma.