Launin da Hanci Ke Gani

Sanyi ya naɗe tabarmarsa, saura kwana uku Holi,
na shanya furen tesu a kan rufinmu na Bundi,
ja kamar garwashin da bai gama hucewa ba.
Birai suka sauko suka ɗanɗana.
Na ce madalla, abin da biri ya ci ya kwana lafiya
ba zai ci fatar yaro ba.

Bara hodar kasuwa muka saya,
mai ƙyalli, mai arha, mai warin fenti.
Idon Hanuwant ya kumbura kamar ƙwai,
kwana biyar yana kallon duniya da ido ɗaya.
Bana na ce daga madafa launi zai fito:
kurkum da garin shinkafa,
busasshen ganyen darbejiya,
tesu da wardi a turmi guda.
Na daka har kafaɗata ta yi ƙara.

Da safe, tokar wutar jiya na hayaƙi a mararraba,
na tara su a tsakar gida, su goma sha ɗaya,
na mulke kowa da man kwakwa har bayan kunne.
Na ce ku tambaya kafin ku shafa.
Wanda ya ce a'a, a'ar tasa ma cikin bikin take.
Ido ba bango ba ne.
Karen Tarachand kuma ku bar shi da farinsa,
shi da harshe yake wanka.

Mehrunnisa ta leƙo ta kan katanga,
rigarta sabuwa, an ja mata kunne a gida.
Na yafa mata tsohon mayafina,
ta miƙo goshi: nan kawai, ɗigo ɗaya.
Ɗigo ɗayan aka yi mata,
ta kama dariya kamar an juye mata tulu.

Devansh mai asma, ƙirjinsa ba ya shiri da ƙura,
aka naɗa shi sarkin ruwa a kan matakala,
da bokitin ruwan tesu da moɗa a hannu,
sai an roƙe shi yake zubawa.
Ojas ƙarami, ganga na razana shi,
na kai shi bayan gida inda ƙara ba ta kaiwa,
na ba shi farin bango.
Tafin hannu arba'in ya bar mini, ban nemi ko ɗaya ba.

Sai Kesar,
wadda tun haihuwa ba ta taɓa ganin rana ba.
Na kwana ina juyi:
me bikin launi zai ce wa yarinyar da ba ta san ja ba?
Ita ba ta jira ni ba.
Ta sunkuya kan faranti ta shaƙa.
Wannan miyar kakata ce, ta ce, shi ne rawaya.
Wannan ɗacin maganin zazzaɓi, kore ke nan.
Wannan kuwa,
ta daɗe a kansa,
gashin mamata ne ranar da za mu haikali.

Tsakar gida ta yi tsit.
Hanuwant ya rufe ido ya ce a gwada shi.
Sau biyu yana faɗuwa.
Kafin in juya, duk sun runtse ido,
suna karo da juna, hanci a gaba,
Kesar na zaune tana yanke hukunci,
ba ta yi wa kowa sassauci.

Rana ta take, gujiya ta ƙare a kwano,
ta lalubo hannuna.
Malama, in shafa?
Na ce shafa.
Yatsunta suka bi kumatuna, suka hau karan hancina,
suka tsaya a layukan goshina.
Ta ce ashe kin tsufa,
muryarki ba ta taɓa gaya mini ba.

Ban wanke fuska ba ranar.
Yau kwana shida ke nan,
matashin kaina bai daina ƙamshin wardi ba.